Amsa ga tsohon sojan da tramadol ya daina yi wa aiki

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ba ka lafiya. Ka ce tun da ka ajiye kaki bayanka ke ciwo har yana sauka ƙafa, ka ninka tramadol ɗin da kake sha amma shiru, kana tambaya ko akwai wanda ya fi shi ƙarfi. Ni ma tsohon soja ne, na daɗe ina fama da baya da gwiwa. Akwai mai ƙarfin, sai dai ba shi ne zai fitar da kai ba.

Ciwon da ya wuce wata 3 ba a ɗaukarsa kamar sabon rauni. Sau da yawa nama ya warke, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne ba su sauka ba, kamar sojan da ya daɗe yana gadin dare, ko ganye ya motsa sai ya ɗana bindiga. Tramadol da 'yan'uwansa jiki na sabawa da su: yau ɗaya, gobe biyu, ciwon na nan. Idan ya yi yawa yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Amurka ta sha wannan wahalar da tsofaffin sojojinta, har a 2013 ma'aikatar da ke kula da su ta fito da shirin rage rubuta musu irin waɗannan magunguna. Amma kada ka yanke shi dare ɗaya. Gumi, hamma, gudawa da rashin barci za su mayar da kai kansa. Likita ne zai riƙa rage maka kaɗan-kaɗan.

Idan ka je, ka kwatanta masa yadda ciwon yake. Mu an koya mana cije haƙori, sai mutum ya zauna gaban likita ya ce "da sauƙi" alhali bai runtsa ba. Wanda ke ƙuna ko tsira kamar allura, ko fizga kamar wutar lantarki zuwa ƙafa, yawanci na jijiya ne, kuma magunguna irin su amitriptyline ko gabapentin aka fi ba shi. Ni amitriptyline aka ba ni da dare. Bakina ya riƙa bushewa, da safe kaina ya yi nauyi, sai bayan makonni na ji bambanci. Ka gaya masa kana shan tramadol, don haɗa su yana da haɗari. Diclofenac da ibuprofen kuwa, shan su kullum yana cin ciki, yana taɓa ƙoda.

Abin da ya fi yi mini amfani ma'aikaciyar fisiyo (sashen gashi da motsa jiki na asibiti) ce ta nuna mini. A tsarinmu, ranar da muka ji dama sai mu yi aikin mako guda, mu kwanta kwana biyu. Ta ce in duba tafiyar da zan iya ko a ranar da ciwon ya tashi, in tsaya a kanta kullum, ko da ƙafa na neman ƙari, sannan in riƙa ƙarawa a hankali. Da farko har kunya na ji, wanda ya saba tafiya da kaya a baya yana duba agogo a kan 'yan mintuna. Amma da haka na koma yin sujada ba kujera.

Ka kuma duba barcinka. Idan kana firgita cikin dare ko mafarkin bakin daga na dawowa, ka faɗa. Wannan da ciwon jiki suna rura wa juna wuta, kuma shi ma ana maganinsa.

Abu ɗaya ne ba ya jira: idan ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya yi dundum ba ka ji, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zubowa ba da saninka ba, ka tafi asibiti a ranar.