Hukuncin Zanen da Yake Nuna Zurfi a Shafaffiyar Takarda

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibin zane ne, ina kuma taya yayana aiki a wata ƙaramar maɗaba'a a Fagge. A wajen karatu an nuna mana jerin zanuka masu launi na wani Baturen Ingila, David Hockney, waɗanda aka fitar ta hanyar bugun dutse. Ya zana tsakar gidan wani otal da ɗakuna da kujeru yadda mai kallo zai ji kamar yana zagayawa a ciki, sai dai akwai fuskokin mutane a cikin jerin. Ina so in yi irinsa da zaurukanmu da lungunan cikin birni, in buga in sayar. Wani abokina ya ce haramun ne, domin zanen da ya nuna zurfi ya zama mai inuwa, kuma yaudarar ido ce. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka zuba kuɗinka.

Malamai suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtar kamanninsa, saboda haka sai mu fara da sana'ar. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, shi ne ya gano bugun dutse a shekarar 1796. Ana zana hoto da abu mai maiƙo a kan shafaffen dutsen farar ƙasa, a shafe shi da ruwan ƙaro, irin ƙaron da muke jiƙawa mu haɗa tawadar allo, sannan a jiƙa dutsen a bi shi da tawada mai mai. Da yake ruwa da mai ba sa haɗuwa, tawadar ba ta kama ko'ina sai inda aka zana, sai a danna takarda a kai. Kowane launi da nasa dutsen, ko farantin alminiyam a zamanin nan. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wajenmu, domin da ita aka buga littattafan fiƙihu da hadisi masu yawa a birnin Fas na ƙasar Maroko tun shekarun 1860. Kayan aikin ba su da wani laifi. Hukunci yana bin abin da aka buga.

Asali a wannan babi shi ne abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da zanen surori yake cin abinci. Ibnu Abbas ya gaya masa cewa wanda ya suranta sura za a azabtar da shi har sai ya busa mata rai, kuma ba zai iya busawa ba. Da ya ga hankalin mutumin ya tashi, sai ya ce masa idan lallai sai ya yi, to ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Sahabin bai rufe masa sana'arsa ba, hanya ya karkata masa. A kan wannan mazhabobi huɗu suka tafi: zana gini da bishiya da dutse da rijiya da kujera halal ne, kuma cinikinsa halal ne. An ruwaito cewa Mujahid ya ƙi zanen itace mai 'ya'ya, amma jamhurin malamai ba su bi shi a kai ba. Don haka ka zana zaure da bakan gizonsa, ka zana zankayen soraye, da marinar Ƙofar Mata, da dutsen Dala, babu komai a kanka.

Maganar abokinka kuwa tana bukatar a tsaya a kanta, domin ba daga iska ya ɗauko ta ba. Gaskiya ne malaman Malikiyya, kamar yadda Shehu Dardir ya yi bayani a sharhinsa na Mukhtasar Khalil a babin walima, sun rataya haramci a kan surar mai rai wadda gaɓoɓinta suka cika kuma take da inuwa. Amma abin da suke nufi da inuwa shi ne surar ta kasance da jiki na haƙiƙa, wanda idan ka ajiye shi a rana zai jefa inuwarsa a ƙasa, kamar gunki ko sassaƙe. Inuwar da mai zane ya shafa da baƙin launi tawada ce kawai. Ka shafa takardar da hannunka, ba za ka ji tudu ko kwari ba. Ga kuma abin da ya fi wannan: sharaɗin inuwa a kan mai rai kaɗai yake magana. Da za ka gina ɗan ƙaramin Gidan Makama da yumɓu, mai jiki da inuwa ta gaske, da bai haramta ba, balle hotonsa a takarda.

Batun yaudarar ido ma bai tsaya ba. Yaudarar da shari'a ta hana ita ce wadda ake cin haƙƙin wani da ita, ko sihirin da ake neman taimakon shaiɗanu a cikinsa. Wanda ya kalli zanen lungu yana tsukewa can nesa ya san takarda ce a gabansa. Wannan lissafi ne na yadda ido yake gani, kuma Musulmi suna da hannu a tushensa, domin Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira wajen shekara 400 kafin masu zanen Italiya su tsara ƙa'idar tattara layuka a ɗigo ɗaya a ƙarni na 15. Abin da Hockney ya yi a wannan jeri, wanda ya fara a 1984, shi ne saɓa wa wannan ƙa'ida: ya haɗa kallo daga kusurwoyi da dama a takarda ɗaya, har kujera takan faɗaɗa ta baya maimakon ta tsuke. Saɓa wa al'adar masu zane ba canja halittar Allah ba ne.

Inda ake da magana shi ne fuskokin mutane. A Malikiyya, surar mai rai marar inuwa makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, kamar a rataye a bango, idan kuwa a wulaƙance take, kamar a shimfiɗa, barinta ya fi. Hujjarsu hadisin Abu Ɗalha ne wanda ya togace zanen da ke jikin tufa. Imamu Nawawi da jama'a da yawa sun ce haramun ce, da inuwa ko babu, saboda labulen Nana A'isha mai surori da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi fushi a kansa har aka yanka aka mayar da shi matasai. Tunda hoton da za ka sayar don a rataye shi ake saye, mafi sauƙin hukuncinsa karhanci ne, kuma ba na ba ka shawarar gina abincinka a kan abin da manyan malamai suka haramta. Ka zana lungunanka ba kowa a cikinsu. Kada kuma ka ce ai fuskar da aka wargaza, ido nan hanci can, ta fita daga hukunci. Muddin ana gane kai ne da fuska, saɓanin yana nan, domin a hadisin da Mala'ika Jibrilu ya ƙi shiga gida saboda sura, abin da aka umarta shi ne a cire kan surar har ta koma kamar itace. Kallon irin waɗannan ayyuka a aji don koyon dabara ba shi da laifi idan babu tsiraici.

Sai ciniki, wanda a ganina nan ne haɗarin yake, ba inda abokinka ya nuna ba. Al'adar masu wannan sana'a ita ce a buga adadi sananne, mai zane ya sa hannu ya rubuta lamba a kowace takarda, kuma ƙarancin nan ne yake ɗaga farashi. Idan ka rubuta cewa 50 ka buga, to alkawari ne, ƙara bugu a ɓoye ha'inci ne. Haka nan fitar da hoto daga kwamfuta a sayar da shi da sunan bugun dutse, ko kwafar aikin wani a sa hannunka. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ka kuma gaya wa mai saye kada ya rataye shi a alƙiblar inda ake salla, domin Annabi ya mayar da tufa mai zane saboda ta ɗauke masa hankali a sallarsa, kuma zanen da aka yi shi don ya ja ido ciki ya fi cancantar a kawar da shi daga gaban mai salla.

Wallahu a'alamu.