Ga mai zuwa Madina da son lambu a ransa

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, kuma da yake a noman rani ka taso a Kura, kana son sanin wurin wa za ka koyi harkar lambu ta nan. Allah ya sa albarka.

Abu na farko, ajiye lissafin damina a gida. Nan ba a jiran hadari. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 45, tumatir ya zubar da fure, latas ya ƙone tun bai kai ko'ina ba. Lokacin lambu hunturu ne. Tsofaffin manoman Larabawa da taurari suke lissafi: in tauraron Suhail ya fito wajen 24 ga Agusta sai a fara gyaran ƙasa da yafa iri, in lokacin da suke kira Wasmi ya shiga a tsakiyar Oktoba sai dashe. Kuɓewa da lalo suna cikin masu ƙarfin halin jure ɗumi.

Sai ruwa, kuma a nan ne gwanayen gida suke shan mamaki. Rijiyoyi da yawa ruwansu zartsi ne. Ka yi ban ruwa irin na fangali, kwana biyu ka ga farin gishiri ya taso bisa kunya, bakin ganye ya yi kamar an babbaka. Shi ya sa da yawa da ban ruwa na ɗigo suke aiki, siririn tiyo mai huda a gindin kowace shuka.

Wa za ka tambaya? Ni dai na fi ba da ƙarfi ga masu gidan renon shuke-shuke, waɗanda ake kira mashtal. Kada ka tsaya wurin mai karɓar kuɗi. Wuce ciki ka sami mai riƙe da tiyo, galibi ɗan Sudan ne ko Misira ko Bangaladash. Ka sayi tukunyar na'a-na'a ɗaya, ka gaishe shi da kyau, zai gaya maka irin da ke yi da wanda asarar kuɗi ne kawai. Haka ma ma'aikatan gonakin dabino na wajen Ƙuba da Awali, bayan la'asar in rana ta yi sanyi. A cikin Hausawan da aka haifa a nan ma akwai iyaye mata masu yakuwa da zogale a bokiti bisa soro, sun san kan ƙasar nan sarai.

Ta fuskar hukuma kuwa, Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma tana da reshe a kowane yanki, da malaman gona, da manhajar waya mai suna Murshiduka al-Zira'i. Da Larabci ake komai, sai ka dage. In kuma digiri na noma kake hange nan gaba, akwai Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, da ta Sarki Faisal a Ahsa, da ta Ƙasim.

Maganar ƙullo irin attaruhu a jaka da ka yi, bar ta. Shigo da iri ko dashe yana buƙatar izini, jami'an filin jirgi suna iya ƙwacewa. Haka kuma iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, ta ɗalibi ce, ba ta ba ka damar aikin ƙwadago a gonar kowa ba, ka je dai ka gani ka tambaya.