Shin maganin "nano" zai raba ni da ƙaiƙayin gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekara biyu ke nan ina fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai guda-guda kamar kindirmo. Na sha kafso har na gaji, ya lafa ya dawo. Yanzu wata a WhatsApp tana tallar ruwan "nano silba", wai sabon maganin Turawa ne. In saya? Wallahi abin ya fara taɓa zaman aurena.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya. Kar ki saya.

Maganin fangas na nano, wato wanda aka sarrafa cikin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, akwai shi da gaske, sanannensa AmBisome. Maganin fangas mai suna Amfoterisin B ne aka lulluɓe cikin ƙwayoyin kitse da ba su kai nanomita 100 ba, domin a rage ɓarnar da yake wa ƙoda. Amurka ta amince da shi a 1997. Ta jijiya ake ƙara shi, a gadon asibiti, ga wanda kandida ta shiga jininsa, wato fangas ɗin da kan kawo irin ƙaiƙayi da farin ruwan da kika bayyana. Na matsi da na shafawa kuwa galibinsu suna hannun masu bincike. Ruwan azurfar (silba) da ake tallata miki ba ya cikin wannan sahu, kuma yawan shansa kan rina fata ta yi toka-toka, ba ta komawa yadda take.

Amma kafson nan shi ya fi tsaya mini a rai. Kullum sai na ga mace ta zo da ledar kemis, an ce mata "sanyi ne", an haɗa mata ampiclox da wasu ƙwayoyi ba tare da an duba komai ba. Kandida fangas ce, maganin bakteriya ba ya taɓa ta! Abin da yake yi shi ne kashe bakteriya masu amfani da ke tsaron gaban mace, sai fangas ɗin ya samu fili ya barbaje. Ƙaiƙayi ya dawo, ki koma kemis, a ƙara miki wani kafson. Sannan a zo da matsin tafarnuwa da kama ruwa da Dettol, fata ta ƙone. Ya isa haka, don Allah. Mai kemis ba ya gane cuta daga kan teburin shagonsa, kuma kowa ya ba mace magani da ka ya ɗauki alhakinta.

Ki je asibiti a ɗebi ruwan a gwada, domin akwai nau'in kandida, irin su glabrata, da fluconazole, ƙwayar maganin fangas da ake sha, bai cika kamawa ba. A auna sukarin jininki. In kina da juna biyu kada ki sha fluconazole, matsin clotrimazole na kwana 7 za a rubuta miki.