Ga ɗan'uwan da aka sa ya goge hotunan kan jirgi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun da safe na ga tambayarka, na kasa wucewa. Ka ce ka je bakin yadin jirgin ƙasa, inda ake ajiye taragu ana haɗa su, ɗaukar hoton kawunan jiragen kaya, wato injinan da ke jan taragun, aka tare ka, aka sa ka goge komai a gaban jama'a, kana neman a faɗa maka inda mutum zai tsaya ya yi hotonsa ba a ci masa mutunci ba. Ka kuma ce 'yan waɗanda ka taɓa ɗauka a baya duk da duhu suke fitowa ko dishi-dishi. Wallahi na san wannan ciwon, har yau idan na tuna nawa sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Kafin in shiga dogon zance, tashi yanzu ka cire memorin nan daga kyamara. Kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da shi. Gogewar da suka sa ka yi ba ta cinye hoton ba, gurbinsa kawai aka buɗe wa sabo, muddin ba a ɗora wani abu a kai ba yana nan kwance. Kai wa masu gyaran kwamfuta su zura shi a manhajar dawo da fayil, sau da yawa ana samun mafi yawansu. Kai ka ma yi sa'a, ni nawa memorin karya shi aka yi gida biyu a kan idona.

Ba zan faɗi garin ba. Bayan harin jirgin Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ne, lokacin da kowa ke ɗar-ɗar, har jirgin bai dawo aiki ba sai Disambar shekarar. Ina tsaye a wajen shinge, kusa da mararrabar da motoci ke tsallake layi, ko ƙafata ban sa cikin yadi ba. Sai ga abin da na daɗe ina jira: kawuna biyu an haɗa su suna jan taragun siminti, sun taso daga tsaye, hayaƙi baƙi ƙirin ya miƙe sama, rana tana bayana ta haske koren fentin da ratsin rawaya. Hannuna har rawa yake. Ban gama sauke kyamara daga fuska ba sai na ji an finciki igiyarta ta baya, saura kaɗan in faɗi.

Mutumin nan ba ma'aikacin reluwe ba ne, ba ɗan sanda ba, ba mai gadi ba. Wani ne mai rumfa a bakin layi, irin waɗanda suka naɗa wa kansu sarautar unguwa. Bai tambaye ni ko wane ne ni ba. Kalma ɗaya ya ɗaga murya ya faɗa, infoma. Ka san abin da wannan kalmar ke yi a ƙasar nan. Kafin in buɗe baki masu acaba sun ajiye babura, 'yan dako sun sauke kaya, yara sun fara tsintar duwatsun layi. Ina cewa ku duba hotunan, jirgi ne kawai, shi kuma yana cewa ai shi ne hujjar, me zai sa mutum mai hankali ya ɗauki hoton jirgin siminti in ba aiko shi aka yi ba. Wani yaro da bai kai ƙanena na uku ba ya ɗauke ni da mari. Hulata ta faɗi cikin kwata. Mutumin ya buɗe kyamarar da ƙarfi har ya ɓalle murfin, ya zaro memorin, ya ɗaga shi sama yana nuna wa mutane, sannan ya karya. Hotunan sunan 'yata suna ciki, ban riga na kwashe su ba.

Abin da ya fi ƙona min rai ba marin ba ne. Da hayaniya ta ɗan lafa sai ya matso kusa da kunnena ya ce in ba da na goro a kashe magana. Ashe duk ihun tsaron ƙasa da yake yi kuɗin shayi yake nema. Ni dai ban zargi kowa ba, amma rumfar tasa ta sayen tsoffin ƙarafa ce, a bakin layin da kullum ake kukan ana kwance masa kusoshi da ƙarafan ɗauri ana sayar wa 'yan gwangwan. Allah ya isa tsakanina da shi. An ce in yafe, na ce to, amma har yanzu zuciyata ba ta bi bakina ba.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne ɗan fansho, tsohon mai juya layi. Ya kutso cikin mutane da sandarsa ya riƙe hannuna ya ce duk mai magana ya biyo mu ofishin tasha. Ko mutum ɗaya bai biyo ba, har shi gogan. A ofis aka ba ni ruwa, na nuna musu tsoffin hotuna a wayata, sai ga shi muna ta hirar lambobin kawuna, wannan ya mutu, wancan yana loko, wato garejin kawunan jirgi, ana jiran kayan gyara. Shugaban tashar ya ce da ta wurinsa na fara biyowa da babu abin da zai faru.

To nan ne amsarka take, ɗan'uwa. Matsalar ba kyamara ba ce, baƙuwar fuska ce. Cikin yadi wurin aikin hukuma ne, ba a shigarsa sai da izini, wannan kam babu gardama. Amma ni a wajen shinge aka kusa kashe ni. Saboda haka ko a waje za ka tsaya, fara zuwa hannu rabbana, ba kyamara. Ka gai da shugaban tasha, ka gai da 'yan sandan reluwe, ka zauna wurin mai shayin bakin ƙofa inda direbobi da masu haɗa taragu ke karyawa. Ka faɗi sunanka da sana'arka da unguwarku. In kana son shiga ciki rubuta takarda zuwa ofishin shiyya, na Arewa yana Zariya, akwai a Minna da Kafanchan da Bauchi, hedikwata kuma tana Ebute Metta a Legas. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi a aljihu tare da katin shaidarka. Sannan dabarar da ta fi yi min aiki: ka ɗauki direba a tagar kan jirginsa, ka wanko hoton babba ka kai masa. Mutanen nan sun shekara suna wannan aiki ba wanda ya taɓa cewa sannu. Daga ranar shi zai riƙa kiranka yana cewa gobe da asuba za mu tashi.

Kuma kana buƙatar wannan kiran, don jirgin kaya ba shi da jadawalin da za ka duba kamar na fasinja. Sai an gama lodi, sai an samu kai mai lafiya, sai an ba shi hanya. A layi mai hanya ɗaya shi ake ajiyewa a gefe har na fasinja ya wuce. Za ka iya wuni ba abin da ya motsa sai awaki.

In gaya maka gaskiya mai ɗaci, yadi mai cunkoso irin wanda kake mafarki ya yi ƙaranci a wajenmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana ba mu labarin Kano lokacin dalar gyada, taragu na ɗibar buhuna dare da rana zuwa Apapa, auduga daga Funtuwa da Gusau ta layin Ƙauran Namoda, shanu da fatu daga Nguru. Tun 1911 layi ya iso Kano, ka duba yau ka ga taragu nawa ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Ko da aka gyara layin Legas zuwa Kano aka sake buɗe shi a Disambar 2012 mun yi murna, amma tireloli ne dai suka ci gaba da kwashe kayan suna farfasa mana tituna. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, muna nan muna zuba ido mu ga ranar da kwantena za ta riƙa zuwa ta layi kullum ba sai ranar da manya suka zo yanke ƙyalle ba. Kai, bar wannan zancen, yana tayar min da hawan jini.

In kana da halin zuwa Legas, can ne motsi yake. Tsakanin Apapa da Ebute Metta da Agege layuka biyu ne ke tafiya kusa da juna, tsohon mai faɗin milimita 1,067 da sabon mai 1,435, kuma tun Satumbar 2023 ake ɗaukar kwantena daga Apapa zuwa Moniya a Ibadan ta sabon. Ka sauka wurin 'yan'uwa a Agege, ka nemi gadar ƙafa da ke tsallake layi, daga sama kana ganin jirgin tun daga kai har wutsiya. A harabar reluwe ta Ebute Metta kuma akwai gidan tarihi na Jaekel House, can mai kyamara ba abin mamaki ba ne, wuri ne mai kyau na fara sabo da mutane.

Zancen duhun hoto kuwa, fitilar goshin jirgi ce ke yaudarar kyamararka. Tana ganin hasken sai ta ɗauka wuri ya yi haske da yawa ta rage, jikin jirgin ya koma baƙi. Ka auna hasken a kan duwatsun layi kafin jirgi ya iso, ka kulle shi a haka. Dishi-dishin kuma ko dai saurin ƙiftawar kyamara ya yi kaɗan, kada ka sauka ƙasa da 1/500 na daƙiƙa in jirgi na tafiya, ko kuma ka ɗauka da tsakar rana kana jawo hoto daga nesa, zafin da ke tashi daga ƙarfe da duwatsu yana karkaɗa iska, babu kyamarar da za ta gyara wannan. Hantsi ko bayan la'asar, rana a bayanka, ka tsaya ta kusurwa yadda goshi da gefe za su fito tare, lambar kan ta karantu. Hazon hunturu yana kashe launi, amma ni ina son sa, fitila tana fasa shi da kyau. Sai dai ƙura, kada ka canza gilashin kyamara a fili. Kuma kar ka kunna filasha a fuskar direba da dare, wannan rashin tarbiyya ne kuma haɗari ne.

Lambobin kawunan nan ka riƙa rubuta su. Waɗanda suka fara da 22 su ne na General Electric guda 25 da aka kawo daga Brazil a 2010, masu fara da 21 kuma 'yan China ne na Dalian da aka sayo zamanin Abacha. Da kunne ma za ka koyi rarrabe su. Dukkansu injin dizal ba shi ke juya ƙafafu kai tsaye ba, janareta yake juyawa, wutar ta tafi ga motocin lantarki da ke jikin ƙafafun. Shi ya sa in zai tashi da kaya mai nauyi za ka ji injin ya yi ruri, hayaƙi ya tashi, amma jirgin bai motsa ba tukuna, sai can ka ji ƙarar mahaɗan taragu tana bi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Wannan ɗan tsakanin shi ne lokacin hotonka. In ka lura da kyau za ka ga yashi na zuba a gaban ƙafafun don kada su yi santsi.

Don girman Allah kuma ka kula da ranka. Ba kan jirgi mai ruri ne ke kashe mutum a yadi ba, tarago ne da aka tura lokacin shantin, wato sake jera taragu, ya taho shi kaɗai ba ƙara. Kada ka tsaya tsakanin layi biyu, kada ka bi ta ƙarƙashin tarago ko tsakanin biyu ko da sun shekara a tsaye, kada ka sa ƙafa a bakin mahaɗar layi, in aka juya ta ta kama takalminka shi ke nan. Jikin jirgi ya fi layinsa faɗi sosai, kuma idonka na cikin kyamara za ka ga kamar yana nesa alhali ya iso. Direba ko ya gan ka ba zai iya tsayawa nan take ba, mun ga yadda jirgi ya buge motar ma'aikata a Ikeja a Maris 2023. Ka je da abokin tafiya, shi ya riƙa kallon bayanka, ya kuma zama shaidarka in wani mai rumfa ya taso.

Wani abu kuma, da mu masu ɗaukar hoton jirgi nake duka. Mu daina sa hoto a Facebook a ranar da muka ɗauka har da lokaci da wuri da irin kayan da jirgi ya ɗauko. A bari ya kwana biyu. Kada a ɗauki wurin binciken jami'an tsaro, kada a ɗauki fuskar ma'aikaci bai sani ba, wani hotonka zai ja masa takardar tuhuma don an gan shi ba hular aiki. Shugaban tashar nan da ya ba ni ruwa shi ya roƙe ni wannan, kuma yana da gaskiya.

'Yan'uwa na Minna da Kafanchan, kun yi shiru kwana biyu. Me ke motsi a wajenku yanzu? Ina so in shigo bayan salla, amma ba zan kashe kuɗin mota in zo kallon awaki ba.