Hoton kaza a kan ciyawa ba shaida ba ne

Tambaya: Wata uwargida daga Gwarimpa ta rubuto: "A babban kanti ina ganin ƙwai cikin kwali mai hoton kaji suna kiwo a ciyawa, an rubuta wai na gona ne. Ya fi kiret ɗin Kasuwar Wuse tsada. In ƙara kuɗin?"

Amsa: Hajiya, kada hoton ya ɗauke miki hankali. Kowane ƙwai daga gona ya fito, har na kazar da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Kajin ƙwai na kasuwanci, ko dai a kejin waya suke, uku ko huɗu a gurbi ɗaya, ko a ƙasa kan dusar katako. Ta keji ba ta iya miƙe fiffike, ba tono, ba birgima, ƙashinta kuma yana rauni saboda rashin motsi da kalsiyam ɗin da ɓawon ƙwai ke ja daga jikinta. Abin tausayi ne. Tarayyar Turai ta hana irin wannan keji a 2012. Kafin nan rabon kowace kaza santimita murabba'i 550 ne, bai kai faɗin takardar A4 ba. A can, kowane ƙwai yana da hatimi: 3 na keji ne mai ɗan faɗi wanda ba a hana ba, 2 na ƙasa cikin ɗaki, 1 na kajin da ke fita waje. A kiret ɗinmu babu wannan.

To ki duba ko kwalin yana da sunan gonar, da adireshinta, da ranar da aka saka ƙwan. Idan babu, ki ajiye. Idan akwai, ki tambaya: keji ne ko ƙasa? Suna fita waje? Na ƙasa ma ba a rasa matsala. Dusar da ta jiƙe tana tayar da warin amoniya mai ƙona ido, tana kuma sa gyambo a tafin ƙafar kaza.

Tambaya: Wani magidanci daga Kubwa ya ce, gwaiduwa mai ja ba ita ce alamar kazar da ke yawo ba?

Amsa: A'a, Malam. Launin gwaiduwa daga abinci yake: masara mai rawaya, ganye, ko launin da ake zubawa a abincin kajin keji. Launin ɓawo kuwa jinsi ne. Kaza jinsin Isa Brown ƙwai mai ruwan ƙasa take yi ko ina aka ajiye ta. Abin da za ka iya gwadawa a gida shi ne sabunta: sa ƙwan a kwanon ruwa. Sabo yana kwantawa a ƙasa, wanda ya kwana biyu yana miƙewa tsaye, wanda ya taso sama kuwa a zubar da shi.