Na girka Homebrew, amma kwamfuta ta ce ba ta san shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da MacBook mai ƙwaƙwalwar M1, kuma na girka Homebrew, manhajar da ake sauke wasu manhajoji da ita, ta cikin Terminal, wato tagar rubuta umarni, kamar yadda shafinsu ya nuna, aikin ya kammala lafiya. Amma da na rubuta brew install wget, sai ta ba ni wannan saƙo: "zsh: command not found: brew". Na sake girkawa har sau biyu, datata ta kusa ƙarewa, kuma babu abin da ya canja. Ko kwamfutar ce ke da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kuma ina roƙonka kada ka sake girkawa karo na uku, domin alamu sun nuna cewa Homebrew yana zaune a cikinta tun karon farko. Matsalar ita ce ba a faɗa wa Terminal inda aka ajiye shi ba.

Duk lokacin da ka rubuta wani umarni, manhajar da ke karɓar umarnin, wato zsh, ba ta bincika kwamfutar gaba ɗaya. Tana da wani taƙaitaccen jerin wurare da ake kira PATH, kuma cikinsu kaɗai take dubawa, kamar yaron da aka aika kasuwa aka lissafa masa shaguna huɗu: ko da kayan suna shago na biyar, zai dawo ne ya ce babu. A kwamfutocin Mac masu ƙwaƙwalwar Intel, Homebrew yana sauka a /usr/local, wanda dama yana cikin jerin. Amma a waɗanda ke da ƙwaƙwalwar Apple, da suka fara fitowa da M1 a 2020, yana sauka ne a /opt/homebrew, kuma wannan wurin ba ya cikin jerin sai mutum ya saka shi da hannunsa. Mai girkawar yana rubuta wannan bayani a ƙarshen aikinsa, ƙarƙashin "Next steps", sai dai yawancin mutane sukan rufe tagar kafin su karanta.

Da farko ka tabbatar yana nan, ta hanyar rubuta ls /opt/homebrew/bin/brew. Idan sunan fayil ɗin ya bayyana, sai ka shigar da waɗannan layuka biyu, ɗaya bayan ɗaya:

echo 'eval "$(/opt/homebrew/bin/brew shellenv)"' >> ~/.zprofile

eval "$(/opt/homebrew/bin/brew shellenv)"

Na farkon yana rubuta adireshin a fayil ɗin da zsh ke karantawa duk sanda ka buɗe sabuwar taga, na biyun kuma yana gyara tagar da kake ciki yanzu. A nan nake so ka natsu sosai. Alamar >> guda biyu ce, kuma tana ƙara layi ne a ƙasan fayil. Idan ka rubuta guda ɗaya, za ta shafe duk abin da ke cikinsa. Haka kuma, idan ka kwafo umarnin daga wani saƙo ko takarda, alamomin zance sukan lanƙwashe, kuma zsh ba ta gane lanƙwasassu, don haka gara ka buga su da kanka. Tsofaffin darussan intanet za su ce ka gyara .bash_profile, fayil ɗin bash, manhajar karɓar umarni da Mac ke amfani da ita a da, amma tun macOS Catalina na 2019 Apple ya mayar da zsh a matsayin ta asali, kuma saƙon da ka samu ya nuna ita kake amfani da ita.

Bayan haka ka rubuta brew --version. Idan lamba ta fito, an gama. Kana iya bin sa da brew doctor, wanda ke duba lafiyar girkin, amma kada kowane gargaɗinsa ya tayar maka da hankali matuƙar manhajoji suna sauka.

Abin da ba na so ka yi shi ne sanya sudo, umarnin da ke ba da ikon mai kula da tsarin kwamfutar, a gaban brew don tilasta shi. Homebrew da kansa yana ƙin aiki a haka, domin fayilolin da aka ƙirƙira da ikon mai kula da tsarin sukan fi ƙarfin asusunka daga baya.

Game da datarka kuwa, Homebrew yakan sabunta kansa kafin ya girka wani abu. Idan ka rubuta export HOMEBREW_NO_AUTO_UPDATE=1 zai daina yin hakan a wannan tagar, sai ka riƙa yin brew update da kanka ranar da ka samu intanet mai ƙarfi.