Tambaya da Amsa: "An ce kayana na hannun Kwastam"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni 'yar kasuwa ce a Gusau, ina saida jakunkuna da takalma na mata a cikin gida. Na yi odar kaya daga Gwanzu, can ƙasar Chana, ta hannun wani ejen, anka ce mani sati biyu su iso tunda jirgin sama ne, to yau kwana 46 ke nan shiru. Kullum na kira sai ya ce kwastam sunka riƙe, jiya ma cewa ya yi in ƙaro kuɗɗi. A cikin kwalin na haɗa da turare kwalba 12 da fawa banki guda 5. Kastomomi sun ba ni rabin kuɗi, bikin da za su sa kayan ma ya wuce, wallahi kunyar fita nike ji. Gaskiya ne ko cutata ake?
Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya kawo mafita, abin da ciwo kam, musamman da kuɗin mutane a ciki.

Tun kafin mu kai ga kwastam ni turaren nan da fawa bankin nake zargi. Turare ruwa ne mai kama wuta, batirin fawa banki kuma litiyam ne, duka biyun kamfanonin jiragen sama suna sa su cikin kaya masu haɗari, ba a loda su tare da takalmi da jaka haka nan kawai. In na'ura ta gano su a can Chana sai a cire kwalin gaba ɗaya a ajiye gefe har a samu jirgin da ke ɗaukar irinsu, to kin ga kayanki za su iya yin sati uku a sito ba su ma tashi ba, ke kuma ana ce miki suna Legas. In sun iso ma turare da man shafawa da kayan kwalliya hurumin NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, suna iya tsayar da su su nemi takarda.

Sannan yadda ejen ke aiki, ba kayanki kaɗai yake turowa ba, na mutum talatin ko fiye yake haɗawa da suna ɗaya da takarda ɗaya. Mutum guda ya cusa abin da doka ta hana, misali gwanjo, ko aka rubuta farashin ƙarya don a rage kuɗin fito, in jami'ai suka buɗe suka gani kowa ya shiga ciki, ɓera ɗaya ya ja wa dangi. Wannan rage farashin shi ne ya fi yawa kuma ni ban ga ribarsa ba, don in aka kama sai a sake ƙiyasta kayan, a biya cikon, ga kuɗin ajiya na sito yana hawa kowace rana.

Kada ki ƙara ko sisi tukuna. Ki ce ya turo miki lambar takardar jirgi, wato eyawe bil, da ita za a duba a intanet a ga ranar da kayan suka tashi da inda suka sauka, Legas ko Kano. In da gaske kuɗin fito ne ya ƙaru akwai takardar ƙiyasi daga kwastam, kuma ta banki ake biya a ba da rasit. Lissafin ma ba ɓoyayye ba ne, harajin shigo da kaya na ECOWAS hawa biyar ne, 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari gwargwadon irin kaya, ana ɗora shi kan farashin kaya haɗe da kuɗin dako da inshora, sai harajin VAT 7.5 cikin ɗari a kai. Wanda ya kasa nuna miki ko ɗaya cikin takardun nan, to ki nemi manyansa ko ƙungiyarsu tun da wuri. Su kuma kastomomi ki faɗa musu gaskiyar inda aka kwana, wadda ta matsu ki mayar mata da nata in da hali. Oda ta gaba ki raba turare daban, kuma ki kauce wa makon farko na Oktoba da lokacin sabuwar shekarar Chana a Janairu ko Fabrairu, don masana'antu da masu dako duk hutu suke tafiya.

TAMBAYA: Malam na ji an ce yanzu ƙaramin kaya ba a biya mai kwastam. Waya nike so in sawo daga waje.
Daga wani ɗan'uwa, Jega

AMSA: Haka ne ɗan'uwa, tun Satumba 2025 kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba an yafe musu kuɗin fito, amma sau huɗu kawai a shekara, kuma ban da haramtattun kaya. Ka tabbata rasit ɗin sayen yana tare da wayar. In wani ya turo maka saƙo wai shi jami'i ne ka tura kuɗi asusunsa a saki kaya, ɗan damfara ne, kada ka tura.